Darasi na Tara: Kalmar *Hunk* da 'Yan'uwanta, Yadda Ake Siffanta Murɗaɗɗen Namiji da Turanci

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. furta kalmomin *muscle*, *muscular* da *hunk* daidai, ya kuma faɗi ma'anar kowace;
2. bambance mai ƙarfi da mai ƙirar ƙarfi a Turanci;
3. gane bakin da kalmar *hunk* ke fitowa, da wuraren da ba ta shiga;
4. zaɓar kalmar da ta dace idan zai siffanta jikin mutum a takarda, ko a asibiti, ko a hira.

Shimfiɗa

Wata rana da yamma, bayan an tashi daga aji, wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya watse. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, dogo, mai faɗin ƙirji, irin mutanen da ke cika ƙofa idan sun tsaya. Ya zaro takarda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali. Takardar neman aikin gadi ce. Rubutun tsaf, ba goge ko ɗaya. A layi na huɗu ya rubuta: *I am honest and I am a hunk.*

Na ce, "Malam, ina ka samo wannan kalma?"

Ya ce, "A waya, Malam. Na nemi sunan da Bature ke kiran ƙaƙƙarfan namiji, ita ta fara fitowa."

Wayar ba ta yi masa ƙarya ba, amma rabin magana ta faɗa masa. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutum ne mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa, ga kalma ɗaya tana shirin sa a karanta takardarsa da murmushi a ajiye gefe. Saboda shi aka rubuta wannan darasi. Za mu dawo kan takardarsa kafin mu gama.

1. Tushen magana: *muscle* da *muscular*

Kafin mu taɓa *hunk*, sai mun riƙe kalmar da ke ƙarƙashinta, wato *muscle*. Ita ce tsoka, naman jiki mai motsa gaɓoɓi. Ana furta ta kamar "masul". Harafin *c* da ke cikinta a rubutu kawai yake, ba a jin sa a baki.

Yanzu kowa ya naɗe hannun rigarsa, ya dunƙule hannu, ya lanƙwasa gwiwar hannu. Ku dubi kwanjinku yadda ya taso. Ku saki, ku sake matsawa. Kun ga wani abu yana gudu ƙarƙashin fata, kamar ɓera a ƙarƙashin zane? Mutanen tsohuwar Roma ma haka suka gani. A harshensu na Latin, *mus* shi ne ɓera, *musculus* kuma ɗan ƙaramin ɓera. Daga nan kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Wanda ya tuna da ɗan ɓeran nan ba zai ƙara mance *muscle* ba.

Abin sha'awa, inda Bahaushe ke cewa wane yana nuna kwanji, wato yana nuna ƙarfi ko iko, Bature ma cewa yake *he is flexing his muscles*. A wannan gaɓa tunanin harsunan biyu ya zo ɗaya.

> Akwatin ma'ana
> *Muscle*: suna ne. Tsoka. Jam'insa *muscles*.
> *Muscular*: sifa ce. Mai murɗaɗɗen jiki, wanda tsokarsa ta fito ana gani. Furuci: "maskyula". A nan ana jin harafin *c*.

A Hausa sifa tana bin jinsi da adadi: murɗaɗɗe, murɗaɗɗiya, murɗaɗɗu. A Turanci ba ta sauyawa ko kaɗan, kuma tana zuwa kafin suna:

*a muscular man*, murɗaɗɗen namiji
*a muscular woman*, murɗaɗɗiyar mace
*muscular arms*, murɗaɗɗun hannuwa

Ba a ƙara mata *s* a jam'i. Wanda ya rubuta *musculars men* ya yi kuskure.

2. Ƙarfi daban, ƙira daban

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya ga 'yan dako. Za ka ga siririn mutum, hannunsa kamar sanda, ya sunkuya an aza masa buhun masara a wuya, ya miƙe, ya hau katako da shi zuwa cikin tirela, ya dawo a guje a aza masa wani. Haka zai wuni. Wannan mutum *strong* ne, wato mai ƙarfi. Amma ba lallai a ce da shi *muscular* ba, tunda ido ba ya ganin tudun tsoka a jikinsa.

A gefe guda kuma ga saurayin da ke ɗaga ƙarfe safe da yamma, damtsensa ya cika hannun riga har yana neman tsaga ɗinki. Shi *muscular* ne. Ko zai iya wuni da buhu a wuya kamar ɗan dako, wannan wata magana ce.

> Akwatin ma'ana
> *Strong*: mai ƙarfi. Tana magana a kan abin da jiki ke iya yi.
> *Muscular*: mai ƙirar ƙarfi. Tana magana a kan abin da ido ke gani.

Misali: *The porter is thin but very strong.* Ɗan dakon siriri ne, amma akwai ƙarfi.
Misali: *The wrestler is strong and muscular.* Ɗan kokawar yana da ƙarfi, ga kuma murɗaɗɗen jiki.

3. *Hunk*: daga gunduwar burodi zuwa namiji

Ga kalmar da ta kawo mu. Ana furta ta kamar "hank", a rufe baki a kan *k*. Harshenmu yana son ƙara wasali a ƙarshe, sai a ji "hanki". A yi ƙoƙarin dakatawa a kan *k* ɗin. A kuma kiyaye da *honk*, wadda ke nufin danna hon na mota.

Ma'anarta ta farko ba ta shafi mutum ba sam. Tun farkon shekarun 1800 ake samunta a rubuce-rubucen Turanci da ma'anar ƙatuwar gunduwa, wato yankin abinci mai kauri da aka datsa ko aka yaga ba tare da an daidaita shi ba. Ku tuna teburin mai shayi. Idan ya sa wuƙa ya yanka burodi fale-fale, kowane fale *slice* ne. Idan kuwa mai jin yunwa ya kama burodin da hannu biyu ya ɓalli ƙaton ɓari, to *hunk* ya ɗauka. Wannan ma'ana tana nan da ranta, kuma ba ta da wata matsala a ko'ina:

*a hunk of bread*, ƙaton ɓarin burodi
*a hunk of meat*, gunduwar nama

A shekarun 1940 ne aka fara jin kalmar a bakin matasan Ostareliya da Amurka da wata sabuwar ma'ana: namiji mai cikar jiki wanda ke ɗaukar ido. Har yau akan ce *a hunk of a man*, kamar a ce "gunduwar namiji". Sai a hankali aka yar da sauran kalmomin, *hunk* ta tsaya da ƙafarta. Mujallun 'yan fim na Holiwud suka riƙe ta kam, suna liƙa ta ga duk jarumin da ya fito da faɗin kafaɗa da kyan fuska.

Kada wannan sauyi ya ba mu mamaki, don mu ma muna yi. Ingarma asalinsa doki ne, ƙosasshen namijin doki. Amma yau idan aka ce "ingarman namiji" ba wanda zai leƙa barga. Bahaushe ya aro daga doki, Bature ya aro daga burodi da nama.

Sai dai a nan kamannin ya ƙare, kuma nan ne nake so a tsaya a natsu. Dattijo zai iya duban ɗan ƙanensa a gaban jama'a ya ce, "Kai, yaron nan ya zama ingarma," kowa ya ce masha Allah. Yabon lafiya ne da cikar halitta. *Hunk* kuwa abu uku ta ƙunsa a dunƙule: jiki mai tsoka, da kyan gani, da kuma sha'awa. Na ukun nan shi ne zuciyar kalmar. Mai faɗinta yana nuna cewa namijin irin wanda ake so ne, irin son da ke tsakanin mace da namiji. Mummunan mutum, ko da ya fi kowa kwanji, ba a ce masa *hunk*.

> Akwatin ma'ana
> *Hunk*: suna ne, jam'insa *hunks*.
> Ma'ana ta ɗaya: ƙatuwar gunduwar abinci.
> Ma'ana ta biyu: kyakkyawan namiji mai ƙirar ƙarfi wanda ake sha'awa. Ta hira ce kawai. Ba a faɗa wa mace.

Tunda suna ne, dole a sa *a* gabansa idan mutum ɗaya ne. *He is a hunk* daidai ne. *He is hunk* kuskure ne. Kwatanta da sifa, wadda ba ta bukatar *a* idan ta tsaya ita kaɗai: *He is muscular.* Akwai sifar da aka cira daga *hunk*, wato *hunky*, amma shawarata mai koyo ya bar ta. A tarihin Amurka an yi amfani da kalma mai wannan rubutu da furuci wajen wulaƙanta leburorin da suka yi ƙaura daga ƙasar Hungari da maƙwabtanta.

4. Wa ke faɗa, kuma wa ake faɗa wa?

Kowane harshe yana da tufafin zaman gida da tufafin fita. Yadda ake magana a majalisar shayi ba haka ake yi a gaban alƙali ba. Turanci ma haka yake.

> Akwatin ma'ana
> Turancin hira: wanda ake yi tsakanin abokai da sa'o'i, ko a saƙon waya. Bature na kiransa *informal*.
> Turancin ofis: wanda ake yi a takardar aiki, da asibiti, da kotu, da gaban manya. Bature na kiransa *formal*.

*Hunk* 'yar hira ce tsantsa. Mafi yawa za ka ji ta a bakin mata idan suna tsakaninsu, ko a kanun labaran taurarin fim da mawaƙa. Ga wata hira tsakanin ya da ƙanwa suna kallon fim ɗin Amurka a waya:

"Yaya, me waccan ta ce wa ƙawarta da mutumin ya wuce? Na ji kamar *what a hunk*."

"Haka ta ce, Auta. Wai ya burge ta, ga jiki ga kyau."

"To ashe yabo ne. Gobe in na ga Kawu ya dawo daga gona sai in ce masa *hunk*, ai shi ma ƙato ne."

"Ke, rufa mana asiri! Ba irin wannan yabon ba ne. Maganar 'yan mata ce a kan saurayi. Kawu kam sai dai ki ce *strong*."

Yayar ta yi daidai. Daga hirarsu za mu fitar da ƙa'ida: ba a faɗin *hunk* ga uba, ko kawu, ko suruki, ko malami, ko maigida a wurin aiki. A ofisoshin Ingila da Amurka, yaba jikin abokin aiki da irin wannan kalma yana iya jawo wa mutum ƙara a gaban shugabanni. Kuma namiji ba ya kiran kansa da ita, sai dai cikin wasa. Idan ya rubuta ta da gaske, kamar ya ce ne, "Ni kyakkyawa ne, mata na rububina."

Wannan shi ne abin da ɗalibina ya rubuta wa masu ɗaukar ma'aikata ba tare da ya sani ba.

5. Sauran 'yan gidan

Turanci yana da tarin kalmomi a wannan fage, kuma akwai dalili. Fiye da shekara ɗari ke nan gina jiki ya zama sana'a da abin kallo a Turai da Amurka. Wani Bajamushe, Eugen Sandow, wanda aka haifa a 1867, shi ya shirya babbar gasar nuna ƙirar jiki a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1901. Cikin alƙalan gasar har da Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes. A 1965 aka fara gasar Mr. Olympia a Amurka, wadda Arnold Schwarzenegger ya ci sau bakwai tsakanin 1970 da 1980 kafin ya shahara a fim, daga baya ya zama gwamnan Kalifoniya. Kyautar da ake ba zakaran gasar har yau ɗan mutum-mutumin Sandow ne. Inda abu ya zama kasuwa, sunayensa kan yi yawa. Ba sai kun haddace duka ba, amma ku gane su idan kun ji.

*Well-built* ita ce wadda na fi so ku riƙe. Ma'anarta mai ginannen jiki, ƙosasshe. Tana da ladabi, tana shiga ko'ina, kuma ba ta ɗauke da sha'awa ko raini. Da ita da *muscular*, kun gama da kashi mafi yawa na bukatunku.

*Brawny* tana nufin mai ƙarfi da kaurin damtse, irin na maƙeri ko mai faskare. Daga *brawn* ta fito, tsohuwar kalma mai nufin tsokar nama. A kula da ita, domin Bature kan haɗa *brawn* da *brains*, wato ƙwaƙwalwa, ya ce wane *all brawn and no brains* ne. Abin da muke kira ƙaton banza ke nan.

*Beefy* daga *beef* take, naman sa. Jibgegen mutum ne, tsoka da ƙiba a haɗe. Ba kowa ke jin daɗin a kira shi da ita ba.

*Buff* da *ripped* na matasan gidan motsa jiki ne, duka biyun ana faɗa wa mai murɗaɗɗen jiki. *Ripped* asalinta "yagagge", ana nufin wanda kitse ya ƙare a jikinsa har kowace tsoka ta fito da layinta.

Sai *hulk*, wadda harafi ɗaya ya raba ta da *hunk*, kuma a nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Asalinta sunan wani irin jirgin ruwa ne, ana kuma faɗa wa gangar tsohon jirgi da aka daina aiki da shi. Idan aka faɗa wa mutum, ana nufin shirgege mai nauyin jiki, kusa da abin da muke kira basamude. Yaranku sun san ta, don ita ce sunan koren ƙaton nan na fina-finan Marvel, wanda ya fara fitowa a littafin zane a 1962. *Hunk* ana sha'awarsa, *hulk* ana kauce masa a hanya.

6. Misalai daga rayuwar yau da kullum

*Misali na ɗaya: takardar neman aiki.* Mu koma ga ɗalibina. Abin da mai ɗaukar maigadi ke son sani shi ne ko mutum yana da lafiya da ƙarfin tsayuwar dare. Ƙirar jikinsa ba ta cikin lissafi, za su gani da idonsu ranar ganawa. Muka zauna tare, ya soke layin, ya rubuta:

*I am honest, strong and physically fit.*
Ni mai gaskiya ne, mai ƙarfi, kuma jikina lafiya lau.

Ya karanta sau biyu a bayyane, ya ce, "Malam, wannan ta fi kama da ni."

*Misali na biyu: cigiya.* Ƙanenka ya fita tun jiya bai dawo ba, ka je ofishin 'yan sanda, aka ba ka takarda ka siffanta shi da Turanci. Ana son tsawo, da launi, da ƙira, ba yabo ba:

*He is tall, dark and well-built.*
Dogo ne, baƙi, mai ginannen jiki.

*Misali na uku: asibiti.* Kin ga likita ya rubuta *muscular pain* a katinki. Kada ki ɗauka yana maganar ƙirar ƙarfi. A bakin likita *muscular* na nufin abin da ya shafi tsoka, don haka ciwon tsoka ne yake nufi, ba na ƙashi ko gaɓa ba. Idan ke za ki yi bayani, sai ki ce:

*The muscles in my back hurt.*
Tsokar bayana ke ciwo.

*Misali na huɗu: labarin wasanni.* Kana ba abokinka labarin ɗan damben nan Anthony Joshua, haifaffen Ingila wanda asalin iyayensa Nijeriya ne. A matsayinka na mai son dambe za ka ce:

*Joshua is a tall, muscular boxer.*
Joshua dogon ɗan dambe ne mai murɗaɗɗen jiki.

Idan ka ga wata mujalla ta kira shi *hunk*, to ka san ba dambensa take magana a kai ba.

*Misali na biyar: kicin.* A nan *hunk* ta koma gidanta na asali, kuma kowa na iya faɗa, a gaban kowa:

*She put a hunk of meat in the pot.*
Ta jefa gunduwar nama a tukunya.

Alamar da za ta taimake ku ita ce kalmar *of* tare da sunan abinci ko wani abu mai kauri. Idan kun ga *a hunk of bread*, burodi ake nufi. Idan kun ga *he is a hunk*, mutum ake nufi.

Tambayoyin bita

A. Amsa da Hausa

1. Mene ne asalin ma'anar kalmar Latin da *muscle* ta fito daga gare ta, kuma me ya haɗa ta da kwanji?
2. A cikin *muscle* da *muscular*, wacce ake jin harafin *c* a furucinta?
3. Kawo mutum ɗaya daga unguwarku wanda za a ce masa *strong* amma ba *muscular* ba. Kada ka faɗi sunansa, sana'arsa kawai, ka bayyana dalilinka.
4. Waɗanne abubuwa uku *hunk* ta ƙunsa idan ana maganar namiji? Wanne cikinsu ya raba ta da "ingarma"?
5. Me ya sa Yaya ta hana Auta kiran Kawu da wannan kalma?

B. Cike gurbi da ɗaya daga cikin waɗannan: *hunk, hulk, muscular, strong, well-built*

6. *The doctor says it is only ______ pain.*
7. *He tore off a ______ of bread.*
8. *My grandmother is old but still ______.*
9. *The missing man is short and ______.*
10. *A great ______ of a man blocked the door, and the children ran away.*

C. Gyara kuskure

11. *He is hunk.*
12. *They are musculars men.*
13. *Dear Sir, I am a hunk and I want to work as a driver.*

D. Aikin aji

14. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama jami'in da ke karɓar cigiya, ɗaya ya siffanta ɗan'uwansa da jimlolin Turanci uku. Sannan ku yi musayar matsayi.
15. Rubuta kalmomin Hausa biyar da ake siffanta ƙaton namiji da su a garinku. A gaban kowace, faɗi ko za ka iya furta ta a gaban surukinka, sannan ka zaɓi kalmar Turanci daga wannan darasi da ta fi kusa da ita.